Bin Sawun Burunera Daga Dajin Jojiya Zuwa Lambunan Ingila

Hanyar da ta tashi daga Batumi, birnin da ke bakin Bahar Aswad a ƙasar Jojiya, tana bin gaɓar teku ne ta nufi arewa. Kafin a kai garin Cakbi sai ta ratsa gindin wani koren tudu da ya leƙa cikin ruwa, inda masanin tsirrai Andrei Krasnov ya buɗe lambun binciken itatuwa a 1912. Daga Cakbi, garin tsoffin gonakin shayi, sai hanya ta juya gabas ta kama hawa, kogi yana ta ƙugi a gefe, har a shiga gandun dajin Mtirala. Batumi kanta tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, su kuwa duwatsun Mtirala suna haura 4,000, shi ya sa ƙasar wurin ba ta san ƙura ba. A 2021 hukumar UNESCO ta sa waɗannan dazuzzuka cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Yawancin masu zuwa nan don magangarar ruwa da hawan dutse suke zuwa, amma wanda ya damu da lambu yana da wani dalilin na daban. Dazuzzukan yankin Kokasus, daga Jojiya har arewa maso gabashin Turkiyya, su ne mahaifar wata 'yar shuka da yau ake sayarwa a kusan kowace kasuwar furanni ta Turai da Arewacin Amurka, wato burunera, wadda masana ke kira Brunnera macrophylla. 'Yan kasuwar Ingila da Amurka suna danganta ta da Saiberiya, alhali wata 'yar'uwarta ce ta daban ke zaune a can.

Abin da nake son in tsaya a kai shi ne tallar da ake yi mata. A jikin tukunya za a rataya 'yar takarda a rubuta cewa shukar inuwa ce, tana tohowa duk shekara, ba ta da wahala. Duk gaskiya ne, sai dai gaskiyar da aka gutsure. Mai saye ya ji an ce inuwa, sai ya kai ta lungun da komai ya ƙi yi, gindin katanga ko ƙarƙashin itacen da ya shanye danshin ƙasa, ya juya baya. Bayan shekara biyu ganyen ya ƙanƙance, gefensa ya ƙone, sai a ce iri ne marar kyau. Ni kuwa a ganina inuwa iri-iri ce, kuma daɗewar burunera a lambu ya rataya ne a kan ko an ba ta irin inuwar da ta saba da ita a gida. Hujjar wannan magana tana shimfiɗe a kan hanyar da shukar ta bi daga Kokasus zuwa Ingila zuwa Amurka, kuma gani ya kori ji.

Idan mutum ya shiga dajin Kokasus ta yamma a watan Afrilu, abu na farko da zai lura da shi shi ne daji biyu ne a cikin ɗaya. Akwai wuraren da ƙananan itatuwa masu kaurin ganye, waɗanda ba sa kaɗewa ko da hunturu, suka yi cunkus suka rufe ƙasa. A ƙarƙashinsu duhu ne shekara duka, kuma da wuya a ga wani fure. Akwai kuma gangaren da manyan itatuwan bich da oak suka mamaye, su kuwa suna zubar da ganye tas da kaka, ba sa sake rufuwa sai Mayu ta kama. A wannan tsakani, bayan ƙanƙara ta narke kuma kafin rassa su yi ganye, rana tana sauka har ƙasa, tana dumama ruɓaɓɓen ganyen da ya taru shekara da shekaru, ga danshi ya ishi kowa. Irin wannan wuri, da bakin daji, da gefen rafi, da gangaren ciyawa har can sama kusan mita 2,000, nan ne burunera ke zama. Dukan tsarin rayuwarta a kan wannan taƙaitaccen lokaci aka gina shi. Da farko takan fito da ƙananan ganye da siraran karare masu ɗauke da furanni shuɗɗa, kowane fure da kunnuwa biyar, bai kai faɗin farce ba, amma suna da yawan da daga nesa sai a ga gangaren ya yi shuɗi. Ƙudan zuman da suka fara fitowa bayan sanyi suna samun abinci a nan. Sai furanni sun kusa ƙarewa, sama ta rufe, sannan manyan ganyayen gindi su buɗe, masu siffar zuciya, masu kaushi da gashi, wani ya kai faɗin santimita 15 ko fiye, domin su tattara ɗan hasken da ke tsiyayowa ta tsakanin rassa. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan lissafi a gindin gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero haske ya kuma ba shi taki, shi ya sa ake noma har jikinsa alhali ba a yi a gindin mangwaro. Lokacin da inuwa ke zuwa da lokacin da take tafiya, da abin da itacen ke zubar wa ƙasa, su ne ke raba wadda za ta raya shuka da wadda za ta kashe ta.

Daga nan tarihin shukar ya tsallaka teku zuwa Kirimiya. Christian von Steven, wanda ya kafa lambun Nikita kusa da Yalta a 1812, shi ya raɗa wa wannan dangi suna a 1851, don tunawa da Samuel Brunner, wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan da ya yi yawon tattara tsirrai a Kirimiya, ya kuma kai har Senegal da tsibiran Kef Bad a 1838. A tsofaffin littattafan lambu za a tarar da ita da wani sunan, an lissafa ta cikin Anchusa. Mai lambu ba ruwansa da wannan sosai, illa dai ya nuna cewa shukar ta jima a hannun Turawa kafin a fara yi mata ado.

Wurin da ya fi dacewa a gwada maganata shi ne Eseks, a gabashin Ingila, domin nan ne hujjar masu musu ta fi ƙarfi. Daga tashar Liverpool Street a Landan jirgin ƙasa yana kai mutum Kolcesta cikin kimanin awa ɗaya, daga nan 'yar tafiya ce a mota zuwa ƙauyen Elmstead Market. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin alkama ko'ina, iska tana kaɗowa daga Tekun Arewa. Wannan yanki yana cikin mafi ƙarancin ruwan sama a Birtaniya, wajen milimita 500 a shekara, wato bai kai abin da Kano ke samu a damina ɗaya ba. A nan Beth Chatto, wadda ta rayu daga 1923 zuwa 2018, ta fara lambunta a 1960, a kan wani kangon fili da manoma suka raina, sashe tsakuwa, sashe fadama. Mijinta Andrew ya shafe shekaru yana nazarin inda tsirran lambu suka samo asali da irin maƙwabtan da suke zama da su a daji, ita kuma ta mai da wannan ilimi aiki, tana kai kowace shuka wurin da ya yi kama da gidanta. An fi sanin lambun da sashen tsakuwarsa, wanda aka yi a tsohon wurin ajiye motoci a farkon shekarun 1990, ba a kuma ba shi ruwa. Amma wanda ya zo don burunera sai ya wuce can ciki, zuwa ɗan kurmin itatuwan oak da aka gyara bayan guguwar Oktoban 1987 ta kayar da itatuwa da dama ta buɗe wa haske hanya. Da bazarar Turai ƙasan kurmin nan a rufe yake da ƙananan furanni, burunera tana cikinsu, a ƙasa mai yashi, a yankin da ruwa bai ishe shi ba.

To, mai musu zai ce ga shi nan, magana ta ƙare. Idan shukar da ta fito daga ƙasar ruwa tana zaune lafiya a wuri mafi bushewa a Ingila, ashe tallar ba ƙarya ba ce, tana jure busasshiyar inuwa, kuma littattafan lambu da dama haka suka faɗa. Wannan musu yana da nauyi, ban kuwa raina shi ba. Sai dai a duba abin da ke ƙarƙashin adadin. Milimita 500 na Eseks ba a wata huɗu suke zuba su wuce ba, a warwatse suke cikin watanni goma sha biyu, kuma matsakaicin zafin ranar Yuli a can wajen digiri 22 zuwa 23 ne, dare kuma da sanyi-sanyi, saboda haka abin da rana ke tsotsewa daga ƙasa kaɗan ne. Itatuwan kurmin oak ne, masu kaɗe ganye, suna ba da haske da Afrilu da inuwa da Yuli kamar na Kokasus. Sannan ba a haƙa rami kawai aka jefa shuka ba. An gyara ƙasar da ruɓaɓɓen ganye da taki, ana kuma lulluɓe ta don kada danshi ya gudu. Wato abin da aka yi a Elmstead Market sake gina dajin Kokasus ne gwargwadon hali, da hannu, a wurin da sama ta yi rowa. Kalmar jurewa ma tana ɓoye wani abu. Tsohuwar burunera da saiwarta ta kama ƙasa tana iya wuce makonni na fari ba ta mutu ba, ganyen ya yi yaushi da rana ya farfaɗo da dare, wani lokaci ya bushe gaba ɗaya ya sake fitowa idan ruwa ya dawo. Amma ba don shuka ta tsira da rai kawai mutum ke sayen ta ba, don faffaɗan ganyen da zai rufe ƙasa har Oktoba ne, kuma wannan ba ya samuwa sai da laima.

Daga nan aikin da ke gaban mai lambu a fili yake, kuma tun ran gini ran zane. A zaɓi gindin itacen da ke kaɗe ganye, ko gefen gini da ke samun ranar safe ya tsira daga ta azahar. A cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye sosai, ta riƙe ruwa amma kada ya kwanta, domin ruwan da ya kwanta da hunturu yana ruɓar da gindin shukar. A dasa da kaka ko farkon bazara, a bar tazarar santimita 30 zuwa 45, kada a binne idon tohon. Shekarar farko ita ce ta wahala, sai an riƙa ban ruwa duk lokacin da sama ta ɗauke, har saiwa ta yi nisa. Idan furanni sun bushe a yanke kararen, sai ganyen ya samu ƙarfi. Busasshen ganyen hunturu kuwa a bar shi a kan gindi ya kare shi daga sanyi, a share da ƙarshen Fabrairu ko Maris. Tsayinta ba ya wuce santimita 45, kuma saiwarta tana rarrafe a hankali ƙarƙashin ƙasa, sai bayan wasu shekaru ne za a tono cunkuson a raba shi biyu ko uku a sake dasawa. Wanda ya yi wannan ya huta, domin shukar ba ta neman sanda, ba ta neman feshi, kuma gashin ganyenta yana sa barewa da zomo su wuce ta, dodon koɗi ma bai cika damun ta ba kamar yadda yake rarake hosta, wadda ita ce babbar kishiyarta a lambun inuwa.

Musu na biyu ya fi na farko zamani, kuma don a amsa shi sai an bi ta yammacin Ingila a tsallaka zuwa Amurka. A Samaset, a lambun Hadspen, Eric Smith ya fito da wani iri mai farin baki-baki a gefen ganye, ana kiransa 'Hadspen Cream'. Daga Debon kuma aka samu 'Langtrees', mai ɗigo-ɗigon azurfa a kewayen ganye. Wannan na biyun ne ya haye Tekun Atlantika, ya isa garin Zeeland a jihar Mishigan, kusa da wani babban tafki, yankin da jikokin 'yan Holan suka cika da gonakin furanni. A gonar kamfanin Walters Gardens wani toho ya fito daga cikin 'Langtrees' da ganyen da azurfa ta rufe shi duka, sai jijiyoyinsa da bakinsa kaɗai suka rage kore. Aka raɗa masa 'Jack Frost', aka fitar da shi kasuwa a 2000, a 2012 kuma ƙungiyar masu noman irin waɗannan tsirrai ta Amurka ta zaɓe shi gwarzon shekara. Daga gare shi aka samu 'Looking Glass', wanda kusan babu kore a jikinsa, wasu kuma suka biyo baya da manyan ganye ko masu kauri, irin su 'Alexander's Great' da 'Sea Heart'. Yau idan aka ce burunera a kasuwa, mai azurfar nan ake nufi. Sai mai musu ya ce: abin da ake sayarwa yanzu ɗan gona ne, an zaɓe shi an tace shi, ya yi nisa da daji, don haka zancen Kokasus ya zama tarihi.

Hali zanen dutse ne. Abin da aka sauya launin ganye ne da kaurinsa, ba a sauya agogon da ke cikin shukar ba, ba a kuma rage ƙishinta ba. Taswirar Amurka kanta shaida ce. A Mishigan da Minesota da kudancin Kanada, inda sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifiri, burunera tana kwana ƙarƙashin ƙanƙara ta tashi garau. Amma idan aka gangara kudu, jihohin da daren Yuli ke da zafi da gumi, sai ta riƙa ja da baya, ganye ya ƙone, cunkuson ya ragu shekara bayan shekara. Gaskiya ne cewa 'Jack Frost' ya fi tsofaffin masu farin gefe jure zafi, domin farin sashen ganyen waɗancan ba shi da sinadarin kore, rana kaɗan ke soya shi, kuma gaskiya ne masu kaurin ganye sun ɗan ƙara matsar da iyakar. Matsarwa ce ta taki kaɗan. Akwai ma alamar da ta fi wannan bayyana: dajin yana nan cikin jinin shukar yana jiran dama. Irin da ya zuba daga mai azurfa ba lallai ya tsiro kamar uwarsa ba, guntun saiwar da aka yanka daga masu farin gefe shi ma kore yake komawa, kuma a tsakiyar cunkuso wani toho yakan fito da koren ganye zalla, wanda idan ba a cire shi da wuri ba zai fi sauran ƙarfi ya danne su. Saboda haka ne kamfanoni ke yaɗa waɗannan iri ta hanyar rabawa ko a ɗakin gwaji, kuma saboda haka suke da tsada. Ni dai ina ganin an yi wa koren asalin rashin adalci. Furensa ya wadata, ya fi jure wahala, yana yaɗa kansa da iri a inda ya ji daɗi, kuma a babban fili ƙarƙashin itatuwa ya fi dacewa da ido fiye da jerin faranta masu ƙyalli. Mai azurfar wurinsa lungu ne mai duhu kusa da hanya, inda ake buƙatar abin da zai haska.

Saura musu ɗaya, wanda ya fito daga wata fuska. Masu kishin tsirran gida a Birtaniya da Amurka suna tambaya, me ya sa za a cika lambu da baƙuwa, alhali an sha ganin baƙon tsiro ya tsallake shinge ya cinye daji? Tsoron yana da tushe. Rhododendron ponticum, ɗaya daga itatuwan nan masu kaurin ganye da ke duhunta dajin Kokasus, wanda kuma ake samu a Sifen, an kai shi Birtaniya a ƙarni na 18 don ado, yau ya zama annoba a dazuzzukan Sikotilan da Wales da Ailan, ana kashe maƙudan kuɗi wajen sare shi. Amma ba a yi wa kowane baƙo hukunci da laifin wani. Wancan itace ne mai watsa ƙananan iri masu yawan gaske a iska, yana yin rumfar da ke hana komai tsirowa. Burunera kuwa a gindinta 'ya'yanta ke zuba, tafiyarta ta kunkuru ce, kuma hannu ɗaya ya isa ya tuge wadda ta fito inda ba a so. A Birtaniya akan gan ta jefi-jefi a bakin daji inda aka zubar da sharar lambu, kuma wannan ya isa dalilin da zai hana mutum jefa saiwarta bayan shinge. Wanda lambunsa ke jingine da dajin da ake karewa, ya fi masa ya nemi tsirran yankinsa, ban ga abin ja a nan ba. A bayan gidan birni kuwa, inda zaɓin yake tsakanin ƙasa tsirara da shukar da ke ciyar da ƙudan zuma a Afrilu, ban ga cutarwar da ta kai a hana ta ba.

Akwai dai inuwar da ko an yi mata me ba za ta karɓi burunera ba, kuma gara a faɗa a fili tun kafin mutum ya ɓata kuɗinsa. Ƙarƙashin itatuwan fir da danginsu, waɗanda ganyensu ba ya kaɗewa kuma saiwarsu ke shimfiɗe a saman ƙasa tana shanye kowane ɗigo, babu hasken Afrilu, babu ruɓaɓɓen ganye mai laushi. Gindin katangar da rufin gida ya tare wa ruwan sama ma haka ne, sai in mai gida ya yarda zai riƙa ɗaukar bokiti duk lokacin zafi. A irin waɗannan wurare masu lambun Turai sukan koma ga epimediyum ko wasu irin jeraniyum masu taurin rai, waɗanda kakanninsu suka saba da busasshen gangare. Ƙasashe masu zafi kuwa, inda babu hunturun da zai kwantar da shukar ta huta, ba wurinta ba ne ko da an samu inuwa da ruwa, kuma tukunyar da aka ɗauko daga kasuwar furannin Turai zuwa irin wannan ƙasa ba za ta ga shekara ta biyu da kyan gani ba.